Lambobin Bazara da Na Goge

Bari in fara da gyara maganar da ke yawo a Gaya, daga bakin gada har kasuwar kifi. Ba koro ni aka yi ba. Ba kuma miji na je nema ba, kamar yadda Gwaggo Kadi ta bi gidajen suna tana faɗa. Masu cewa wani ɗan Yamai ya sace mini aiki sun kama wutsiyar gaskiya, kanta kuwa ya kuɓuce musu. Su kuma ƴan kabu-kabun da ke tsayawa ƙofar gidanmu suna kirana "Hajiya mai ajiyar zafi", suna tambaya ko zan auna musu tiya guda, Allah ya shirye su. Na je, na yi wata shida, na dawo da takarda. Abin da ya faru a tsakani ba ni da haƙurin maimaita shi ga kowa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Sunana Zalika. Na gama lise, wato sakandare, bak, jarabawar fita, ya ƙi ni sau biyu, na ƙyale shi. Wata ƙaramar ƙungiya mai gwajin busar da kifi da zafin rana ta ɗauke ni aikin rubuta awon zafi safe da yamma, ina shigarwa a ordinata, wato kwamfuta. Hannuna na da sauri, kuma ba na yarda da lambar da ban gani da idona ba. Da abokan aikinsu na Danmark suka ba da kujera biyu ta istaj, wato koyon aiki a can, aka ba ni ɗaya. Ɗayar aka ba Isufu, injiniya daga Yamai, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Tun ranar na fara zargi. Me ya sa ni? A Gaya idan direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce ki hau kyauta, sai ki fara duba wace hanya zai bi.

Zaman jirgi ba labari ba ne. Zangon farko da zan ambata shi ne gar ɗin jirgin ƙasa a babban birninsu, cikin watan Maris. Sanyin ya shiga haƙorana kafin ya shiga jikina. Ina jan jakata a gindin matakala sai wani dogon mutum ya kama hannunta ya fara hawa da ita. Na rungume ta ta baya, na ƙwala ihu da Faransanci cewa ɓarawo. Ya ajiye, ya ɗaga hannuwa biyu, ya yi gaba abinsa. Mutane suka kalle ni suka kau da kai.

Isufu ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Ƙanwata, taimakonki zai yi! Nan ba tashar Malanbil ba ce."

"To ya yi sallama mana. Wa ya aike shi?"

"Ki saki jikinki. Ki bi ni kawai, ni na san halin Turawa."

Bai taɓa zuwa ba, shi ma ranar ya fara ganin numfashinsa na hayaƙi. Amma a jirgin ƙasa na ji shi yana gaya wa mai duba tikiti cewa ni asistan ɗinsa ce. Na ajiye wannan a raina.

Zango na biyu ƙaramin gari ne mai gidajen jan bulo, shanu sun fi mutane surutu. Aka sauke ni gidan wata tsohuwa mai suna Birgit, mijinta ya rasu, ƴaƴanta na birni. Faransancinta na lakwal ne, na makaranta, na shekaru aru-aru, kalma ɗaya sai ta yi ta lalube kamar mai neman allura a rairayi. Ni kuma na sa mata suna Kaka, ta karɓa.

A ɗakina akwai wani farin ƙarfe manne da bango ƙarƙashin taga, yana ƙwanƙwasa kansa lokaci-lokaci. Na murɗe kansa na rufe, domin ban san abin da ke cikinsa ba, kuma ban yi niyyar mutuwa a ƙasar mutane saboda ƙarfe ba. Kwana uku na yi ina kwana da rigar sanyi, da hijabi biyu, da takalmi. Ina tuna tsakar gidanmu, da hayaƙin kifin da Inna ke gasawa, da kukan injin jiragen ruwa da asuba, in yi ta cizon yatsa ina tambayar kaina wa ya aike ni. Safiya ta huɗu Kaka ta shigo da shayi, ta tsaya, ta shaƙi iskar ɗakin, ta ce wata kalma da nake zaton zagi ce. Ta murɗa kan ƙarfen, ta kama hannuna ta ɗora a kai ta riƙe, muna tsaye kamar masu rantsuwa. Can sai ɗumi ya fara hawowa daga ƙasa.

"Ruwa," ta ce. "Ruwa kawai. Daga can." Ta nuna bayan gari.

Ta fita ta dawo da safar ulu ta marigayi mijinta, manya kamar buhun gero. Na karɓa, amma sai da na zura hannu na duba cikinsu.

Zango na uku biro, wato ofis. Shugabarmu Madam Karen, mace mai gajeren gashi da ba ta ɓata kalma, ta taɓa aiki a Burkina don haka Faransancinta ya zauna. Ita ta kai mu bayan gari ta nuna mana abin da ya kawo mu. Garin duka tukunya ɗaya suke da ita. Daga wuri ɗaya ake dafa ruwa, ya bi tuyo, wato bututu, ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga kowane gida, ya ɗumama ɗaki, ya ba da ruwan wanka, ya koma a sake dafawa. Mutanen garin ne suka mallaki abin ta hanyar koperatif, ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa. Yanzu suna son daina ƙona gas. Za su shimfiɗa panon rana masu dafa ruwa a gona, su haƙa ƙaton rami su cika shi da ruwa, su rufe da murfi mai kauri. Ranar bazararsu ta dafa ruwan ramin, lokacin sanyi a riƙa ɗiba.

"Rumbu ne," na ce.

"Rumbu ne," in ji ta. "Aikinku ku gaya mini girman gonar da za ta cika shi."

Gonaki biyu ake magana. Ta farko koperatif ta riga ta samu. Ta biyu ta wani manomi ce da ya yarda ya jira su har watan Yuli. Idan ba su buƙata zai ba wani ya dasa itatuwa, kuma shi ke nan ta tafi.

Lissafin da lojisiyel ake yi, wata manhajar ordinata, wanda ba na kowa ba ne. Kowa na iya saukewa, kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda yake tunani, kowa na iya gyarawa. Ka ba shi yanayin rana na shekara, ka ba shi yawan zafin da gidaje ke ja kowace awa, ka faɗi girman pano da na rami, ya nuna maka ranar da ramin zai cika da ranar da zai huce. Ƙa'idar biron ɗaya ce: duk abin da ka taɓa, kafin ka tashi da yamma ka zuba shi a ma'ajiyar kowa, inda ake rubuta sunanka da abin da ka canza.

Wannan ƙa'ida ba ta kwanta mini ba. Na tashi ina ganin Inna tana rufe kwandon kifinta da tsumma har sai mai saye ya tsuguna. Wace mace ce ke shanya sirrin tukunyarta a bakin hanya? Kuma ga Isufu a kujerar kusa da ni, wuyansa kamar na zalɓe, kullum yana leƙen allona. Sai na yi dabara. Ƙananan ayyukan da Madam Karen ta ba ni ina zubawa inda aka ce. Babban lissafin kuwa na riƙa yin nawa a ɓoye, a kan kile, ɗan abin nan da ake sokawa a ordinata a ajiye aiki, wanda na ɗaure da zare na rataya a wuya, ƙarƙashin riga.

Na iya abin da sauri, wannan ba yabon kai ba ne. Cikin watan Mayu na kai ga lambobin da gidaje suka ja bara. Na bi su wata-wata. Janairu sama, Fabrairu sama, Afrilu sun fara sauka, daidai. Sai na zo Yuni, Yuli, Agusta. Ai a nan ya kamata su kwanta ƙasa. Ba su kwanta ba. Kowace safiya sai su yi tsalle, kowace yamma su sake. An rubuta a gefe cewa ruwan zafin amfanin gida ne.

Na tambayi sakatariyar biro daga ina lambobin suka zo. Ta ce kamfanin da ke kula da mitocin gari ne ya tattara, kuma shi ne zai kawo panon idan an amince.

Shi ke nan, na ce a raina, na kama ku. Ni ƴar kasuwar Gaya ce, na san tiyar da aka bubbuga gindinta. Mai sayar da pano ne zai gaya maka yawan panon da kake buƙata? Wa ke wanka da ruwan zafi a bazara? A garinmu idan ka ga an ɗora babbar tukunya a watan zafi, to, mace ta haihu, wankan jego za a yi. Ko dai duk matan garin nan sun haihu rana ɗaya, tsofaffi da yara, ko kuwa wani ya cusa lambobi. Ni kaina tun da rana ta fara ɗan leƙowa na koma ruwan sanyi, jikina ya fi saki.

Ban tambayi Madam Karen ba, don na ga tana gaisawa da mutumin kamfanin da dariya. Ban tambayi Kaka ba, don me tsohuwa ta sani? Na goge lambobin watannin ukun, na bar ɗan kaɗan saboda wankin kwanuka. Na kunna lissafi. Ramin ya cika tun kafin kaka, da gona ɗaya tak, kuma ɗuminsa ya kai har ƙarshen sanyi. Gona ta biyu ba a buƙatarta.

Ranar na kira Inna na ce mata na kama Turawa suna cutar ƴan'uwansu. Ta ce, "Ke dai Zalika, ko a Makka sai kin samu wanda za ki zarga. Kina cin abinci?"

Niyyata in riƙe abin har ranar taron koperatif, in miƙe a gaban kowa in ajiye shi. Amma wata Laraba na tashi sallar azahar a ɗan ɗakin ajiyar takardu da suka ba ni, na bar kile ɗin a jikin ordinata. Minti goma. Da na dawo yana nan, sai dai zaren da na bari a hagu ya koma dama. Isufu na ta buga allonsa da ƙarfi kamar mai ɗinki.

Bayan mako guda Madam Karen ta tara mu, ta ce Isufu ya kawo sakamako mai ban mamaki, gona ɗaya za ta isa. Ya zuba jadawalin da hotunan lissafin a ma'ajiyar kowa da sunansa. Ta ce tana son ganin lambobin da ya shigar. Ya ce yana kan tsaftace su. Ita kuma tafiya ta kama ta zuwa wani gari na mako biyu, ga kwamitin koperatif sun riga sun ji labari sun yi murna, har sun sa maganar sakin gona ta biyu a taron Yuli.

Na tare shi a wurin ajiye kekuna.

"Malam Isufu, sata a gidan ɓarawo ake cewa rance. Ni ba ɓarauniya ba ce, to wannan me sunansa?"

"Wace magana ce wannan, ƙanwata?"

"Kar ka ƙanwata ni. Uwarmu ba ɗaya ba."

Ya gyara wuyan rigarsa. "Je ki faɗa. Ki ce wata biyu kina ɓoye aiki a wuyanki kamar laya. A ma'ajiya sunan wa ke akwai? Kuma wa zai yarda mai bak biyu a ƙasa ta riga injiniya?"

Da na zuba aikina inda aka ce tun farko, da sunana da ranar suna nan, ko shaiɗan bai isa ya goge ba. Na hau kekena ina kuka don haushi, iska na busar da hawayen.

Zango na huɗu ƙofar gidan Kaka ce, wata safiyar Yuli, kwana uku kafin taro. Rana ta fito sosai, har na ji kamar sanyin safiyar Disamba a Gaya, su kuwa sun tuɓe suna cewa zafi. An rufe tuyon unguwarmu na yini ɗaya don gyara. Na fito na tarar da Kaka ta ɗora tukwane uku da buta a kan murhu, tana ɗauka ɗaya-ɗaya zuwa banɗaki, hannunta na rawa.

Na karɓi tukunyar. "Kaka, wa ya haihu?"

Ta kalle ni. Na yi mata alamar ciki da jariri. Ta yi dariya har ta zauna a bakin baho.

"Ni ce jaririyar. Wanka zan yi."

"Da ruwan zafi? Yau?"

"Kullum." Ta lalubo kalmar. "Kullum, tun ina yarinya. Kowa."

"Kowa?"

Ta ja ni taga. A titi maƙwabta sun tsaitsaya, wani da tawul a kafaɗa, wata da gashi a hargitse tana nuna agogo, wani uban yara uku ya tare ma'aikacin gyara yana masa faɗa. Duk saboda yini ɗaya babu ruwan zafi, a tsakiyar bazara. Na tsaya da tukunya a hannu, tururi na dukan fuskata.

Ban karya kumallo ba. Na je biro, na mayar da lambobin da na goge, na kunna. Da gona ɗaya ramin bai cika ba, domin abin da rana ke zubawa da yini mutane na kwasa safe da yamma. Layin ɗumin ya gangara ya mutu a tsakiyar Fabrairu. Na sake kunnawa sau uku kamar zai ji kunyata ya canza. Na tuna kwanakin nan uku da na yi da takalmi a ƙafa, na ɗora su a kan tsohuwar da tukunya ke rawa a hannunta.

Na samu Isufu a kantin biro yana cin burodi. Na zauna gabansa na gaya masa duka.

Ya ajiye burodin. "Kin goge? Ke da kanki? Da izinin wa?"

"Kai da ka sata ba ka duba ba, ni za ka tambaya izini?"

Ya duba hagu da dama, ya sassauta murya. "Zalika, saurara. Kafin su haƙa rami mun yi shekara a gida. Suna da tukunyar gas, ba wanda zai mutu."

"Tukunyar da za su cire?"

"Su suka sani. Idan kika buɗe baki, ni da ke duka ba atestasiyo, ba takardar shaida. Shekara shida ina yawo da diploma a Yamai, kin san abin da takardar nan za ta yi mini? Kuma gobe ba za su sake kiran ɗan Nijar ba. Za su ce ga su nan, ɗaya ɓarawo ɗaya mai goge lamba. Ki yi shiru don Allah, don iyayenki."

Maganarsa ta ƙarshe ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Kuma wani shaiɗani ya raɗa mini cewa sunansa ne a kan takardar. Ranar da abin ya fashe shi zai kwasa, ni ina Gaya ina shan rake. Kwana biyu na yi da wannan raɗar. Madam Karen ta dawo ana gobe taro, na je har ƙofar ofishinta, na ga mutumin kamfanin a ciki, na juya.

Zango na biyar zauren wasan lakwal ɗin garin, ranar Asabar da hantsi. Kujerun roba, kofi, kek. Manoma, malamai, tsofaffi, mai gonar nan da hularsa a gwiwa. Kaka na layi na biyu tana saƙa. Isufu ya yi bayani da kwat ɗinsa, muryarsa ba ta ko girgiza ba, na ba shi wannan. Shugaban koperatif ya ce masu son a saki gona ta biyu su ɗaga hannu. Hannuwa suka fara tashi. Kaka ta ajiye saƙarta ta ɗaga nata.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da Faransanci, "Ku sauke hannuwanku, lissafin ƙarya ne." Na juya ga Madam Karen. "Ki fassara, kar ki gyara mini ko kalma."

Ta fassara. Na ce ni na yi lissafin a ɓoye, na goge ruwan zafin wata uku, shi kuma wannan ya kwafa daga kile ɗina bai duba ba. Na ce da lambobin gaskiya raminku zai huce a Fabrairu. Na ciro zaren daga wuyana na ajiye kile ɗin a teburin shugaba.

Mai gonar ya yi tambaya, Madam Karen ta juyo da fuska kamar dutse. "Yana so ya san me ya sa kika goge."

"Na ɗauka kamfani ne ya cusa su don ya cuce ku. A garinmu ba mai dafa ruwan wanka a bazara sai idan mace ta haihu."

Ta fassara. Wata mata ta fara dariya, wasu suka bi. Mutumin kamfanin bai yi ba, wuyansa ya yi ja. Mai gonar ya sake magana.

"Ya ce, ba ki da baki ne? Gidan da kike ba mutane?"

Na kalli Kaka. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai buga kujerar da ke gefenta da tafin hannu, alamar in zo in zauna. Na je na zauna.

Ba a saki gonar ba. Manomin ya ƙara musu wata guda.

Ranar Litinin Madam Karen ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce laifinta ne da ta bar jadawali ya kai gaban mutane ba ta ga lambobin ba, kuma za ta faɗa wa kwamiti haka. Ta ce zargin kamfani ba hauka ba ne, ita ma tana duba su, shi ya sa ake aje komai a fili.

"Da kin rubuta zarginki a ma'ajiya, da an amsa miki cikin yini ɗaya. Yanzu za ki zuba duka. Wanda kika goge, da ranar, da dalili, da gyaran. Da sunanki."

"Har dalilin? Har maganar haihuwar?"

"Har ita."

"In an gyara sai a share tsohon?"

"Ba a sharewa."

Na zuba. Yana nan har yau, duk mai rezon intanet a duniya zai iya buɗewa ya ga Zalika ta Gaya ta hana gari guda wanka na wata uku. Sauran makonnin na sake lissafin a fili. Wani tsohon injiniyan garin da ya yi ritaya ya riƙa bin aikina kullum yana kama ƙananan kurakurai, ina jin haushinsa, ina gyarawa. Sau ɗaya ni ma na kama nasa, na yini ina murmushi.

Isufu bai sake mini magana ba. An ba shi takarda, an ba ni. Tawa an rubuta cewa na halarta kuma na koyi aiki da lojisiyel ɗin; layin da ke cewa mutum ya gudanar da nazari da kansa babu shi. Tasa ban gani ba, amma na ji a Yamai yana cewa na yi masa hassada. Ina zargin daga bakinsa maganar kora ta fito ta biyo kamiyo har Gaya. Kaka ta raka ni gar, ta cusa mini safar nan a jaka. Na ce me zan yi da ita a garinmu? Ta ce in ba wadda ta haihu.

Na iso na tarar ƙanwar Inna a Tanda ta sauka da namiji. Na je barka. Ga babbar tukunya a kan murhu, ga kakar jaririn na lissafin itacen wankan jego da ya rage a bayan ɗaki da ido, kwana arba'in safe da yamma, ga rana a tsakiyar gida tana ƙona ƙasa a banza. Na tsaya ina kallon tukunyar har aka ce ko aljanun Turai ne suka biyo ni.

To ga abin da na yanke. Zan yi lissafin ƙaramin rumbun zafi na unguwa ɗaya: pano kaɗan, tanki mai rufi da kyau, zafin azahar ya kwana ya kai asuba, masu jego su ɗiba. Lojisiyel ɗin na ordinatar ƙungiya, ba wanda zai hana ni. Zan zuba komai a fili tun daga layin farko, don in wani ɗan Yamai ya miƙo hannu sunana ya riga shi, in kuma ni na yi shirme a kama ni da wuri. Amma ba zan taɓa ko maɓalli ɗaya ba tukuna. Ni ban taɓa haihuwa ba, ban san bokiti nawa ake yi ba, ban san zafin da ungozoma ke yarda da shi ba, kuma na gama yanke wa mutane yadda suke wanka. Ranar kasuwa mai zuwa Inna za ta raka ni Tanda, gida-gida, da littafi da ma'aunin zafi. Ta ce tsofaffin za su zage ni, za su ce yarinyar da ba ta yi aure ba me ya kai ta bayan ɗakin jego. Na ce su zage ni, in dai za su bar ni in tsoma hannu a ruwan.